Daga Madugu Zuwa Direba: Tsufa da Sitiyari a Hanyar Mubi

Akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a gaban mai ita ba a tashoshin manyan motoci na ƙasar nan, wato yaushe ne ya kamata direba ya ajiye makulli? Ma'aikacin gwamnati ya san ranarsa tun ran da aka ɗauke shi aiki: shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Farfesan jami'a an ɗaga masa zuwa shekara 70 a 2012. Matuƙin jirgin saman fasinja mai ƙetare ƙasashe ba ya wuce shekara 65 a kujerarsa. Amma mutumin da yake jan tirela shaƙe da shanu daga gindin duwatsun Mandara zuwa bakin teku, babu wata takarda da ta yanke masa rana. Jikinsa ne ofishin da ke rubuta masa takardar sallama, shi kuwa jiki ba ya yin gargaɗi da wuri.

Wannan maƙala za ta dubi wannan tambaya ta fuskar tarihi, ta kuma ɗauki garin Mubi a matsayin madubi. Dalilin zaɓen Mubi shi ne, gari ne na kasuwanci wanda layin dogo bai taɓa isa gare shi ba, kuma kogin Yadzaram da ya ratsa shi ba na jirgin ruwa ba ne. Duk abin da ya shiga Mubi ko ya fita daga cikinta, a kan ƙafa ya tafi ko a kan taya. Saboda haka tarihin sufurin garin kusan dukkansa tarihin jikin ɗan Adam ne, da irin nauyin da aka ɗora masa a kowane zamani.

Madugu da ɗan alaro

Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya taso daga Kukawa zuwa Yola a 1851, ta Uba da Mubi ya bi. Ba shi ya share hanyar ba. Turba ce ta fatake da ta haɗa Borno da Fombina, ƙasar da Modibbo Adama ya kafa, wanda ya mayar da Yola mazauninsa a 1841. Hausawa da Barebari suna gangarawa da kanwa da tufafi da tsakiya, su komo da hauren giwa, haka nan da bayi, don bai kamata a tsallake wannan ba idan ana ba da labarin fataucin wancan ƙarni.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne tsarin ayari. Ayari yana da madugu, wanda Bahaushe ya yi wa kirari da uban tafiya. Yana da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin da ke duba ranar tashi. Aikin madugu bai dogara ga damtse ba. Shi ne ya san inda rijiya take da lokacin da take ƙafewa, ya san sarkin da ake ba gaisuwa da wanda ake kauce wa ƙasarsa, ya san kuɗin fito a kowane mashigi, ya kuma iya raba gardama tsakanin mutane ɗaruruwa da gajiya ta ƙuntata wa rai. Duk waɗannan abubuwa ne da ke ƙaruwa da shekaru. Furfurar madugu jari ce, domin ita ake nuna wa sarkin zango a sami rangwame. In idonsa ya fara rauni, akwai jagaba. In ƙafarsa ta gaza, akwai doki. Ayari kuma da saurin jaki yake tafiya, a tashi da asuba a sauka kafin rana ta take, don haka kuskuren da tsoho zai yi na ɗan lokaci ba ya hallaka kowa. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sukan shafe watanni masu yawa kafin su ga gida, amma wanda ya jure shekarun farko yana iya tsufa a kan turba, ya kuma bar wa ɗansa suna. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ɗan madugu ne.

Sai dai a cikin ayarin nan akwai wani mutum da ba a yi masa kirari, shi ne ɗan alaro mai ɗaukar kaya a ka. Shi jarinsa wuya ne da gadon baya, kuma wannan jari raguwa yake yi kullum. Ba a tsufa a alaro. Ko dai mutum ya tara abin sayen jaki ya zama falke, ko ya koma gona, ko turba ta cinye shi. Ke nan a ayari guda akwai ajalin aiki iri biyu: na mai sani, wanda yake da tsawo, da na mai ƙarfi, wanda yake gajere. A ganina, duk matsalar direban babbar mota ta taso ne daga yadda mota ta tattara waɗannan mutane biyu ta zuba su a jiki ɗaya. Direba ya gaji madugu wajen sanin hanya da iya hulɗa da masu shinge, ya kuma gaji ɗan alaro wajen biyan kuɗin tafiya da ƙashin bayansa. Har jagaban ma shi ne, tun da babu wanda zai ara masa ido.

Mota ta iso ƙasar amana

Jamusawa sun mamaye Mubi a 1903, ta zama wani yanki na Kamarunsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta faɗa hannun Ingila, a 1922 aka mayar da yankin ƙasar riƙo a ƙarƙashin Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, a 1946 kuma ƙasar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ingilishi sun haɗa mulkinta da lardin Adamawa, amma ba su zuba dukiya a ƙasar da suka san riƙo aka ba su ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Gabas kuwa sai a 1963 ya isa Gombe, a 1964 ya isa Maiduguri, daga nan ya tsaya. Abin da Adamawa ta dogara da shi shi ne kogin Binuwai, wanda jiragen kamfanoni ke hawowa zuwa Yola da Garwa a 'yan watannin da ruwa ya cika kawai. Gyaɗa da fatu da auduga na ƙasar Mubi dole a kai su bakin kogi, tafiyar kusan kilomita 200, ko a nausa da su inda dogo ya ƙare. Wannan giɓi ne babbar mota ta zo ta cike.

Direbobin farko a Arewa da yawansu mutanen Kudu ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ga tsofaffin sojoji da suka dawo daga Bama, waɗansunsu sun koyi tuƙi da kanikanci a soja, suka shiga sana'ar. Daga hannun waɗannan ne 'ya'yan ƙasa suka karɓa, ta hanyar da har yau ba ta canza sosai ba, wato zaman karen mota. Yaro zai bi mota shekara da shekaru yana wanke ta, yana ɗaura tamfol, yana ɗebo ruwan lagireto, yana dirowa da weji a guje ya cusa a bayan taya in mota ta ƙi hawa tudu. Da sannu a bar shi ya tayar da inji, da sannu ya juya mota a tasha, kafin wata rana maigidansa ya ji barci a miƙaƙƙiyar hanya ya ce masa ya karɓa. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi wa wannan bawan Allah waƙa da kuntiginsa, Shata kuma ya wasa direbobi da dama, abin da ke nuna cewa a idon jama'ar wancan lokaci direba ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne ya ga Ikko, shi ne ke kawo labari da sabon yayi.

Motocin wancan zamani, irin su Bedford da Austin masu bodin katako, da ƙarfin tuwo ake tuƙa su. Sitiyarinsu ba shi da wani taimako, sai mutum ya sa kafaɗa ya murɗa. Giyarsu sai an taka kuloci sau biyu kafin ta shiga. Kujerar kuwa kusan benci ce, duk wani gargada na jar hanya sai ya bi ta ƙugu ya hau wuya. Babu shakka irin wannan aiki yana cin jiki da wuri. To amma akwai wani abu da ya kamata a lura da shi: hanyar da kanta tana tilasta hutu. Da yawan hanyoyin na rani ne, da damina ta kankama sai a jingine mota a koma gona. Waɗanda ake bi da damina ma akan sa musu shinge bayan an yi ruwa, ba mai wucewa sai ƙasa ta tsane. A mashigan manyan koguna, kafin a gina gadoji, sai a yi layi ana jiran jirgin fito, direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya yi barcinsa. Gudu kuma ba ya yiwuwa ko an so. Wato rashin kyan hanya, wanda kowa ke kuka da shi, shi ne ya zama wa direban farko dokar hutu da ba a rubuta ba.

A watan Nuwamba na 1959 aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta farko, mutanen yankin suka zaɓi a ɗage maganar makomarsu. A ta biyu, cikin Fabrairun 1961, kimanin kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi Nijeriya, ran 1 ga Yuni na shekarar aka haɗe, aka kafa lardin Sardauna, Mubi ta zama babban birninsa. Zuwan ofisoshi ya kawo wani sabon nau'in direba, wato na gwamnati da na En'e, mai albashi da kaki da ranar ritaya. Tun daga nan aka sami direbobi iri biyu a gari guda, sun koyi sana'a a hannun mutum ɗaya, amma ɗaya ya san ranar da zai sauka da abin da zai ci bayan ya sauka, ɗayan kuwa sai yadda hali ya yi.

Shekarun da ƙofa take buɗe

Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta canza hannu, aka bar tuƙi ta hagu aka koma dama. Wannan wata jarrabawa ce ta musamman ga tsofaffin hannu, domin abin da jiki ya saba da shi shekara ashirin ba a kankare shi a dare ɗaya, ga shi kuma motocin da ke hannunsu sitiyarinsu na tsohon tsari ne. A nan direban Mubi ya ɗan fi takwaransa na Kano ko Zariya sa'a, tun da wanda ke leƙa Garwa ko Marwa ya riga ya saba da hannun Faransa.

Shekarun da suka biyo baya su ne na kuɗin mai. Aka shimfiɗa kwalta, aka gina gadoji, aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Marsandin nan mai dogon hanci da ake kira 911 ta zama sarauniyar hanyoyin Arewa maso Gabas, har yau kuwa ba ta gama mutuwa ba. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya fara sukurkucewa, kayan da yake ɗauka suka koma kan kwalta. Mafi muhimmanci ga Mubi su ne shanu.

A da, shanun da ake kaiwa Kudu ko dai a kora su da ƙafa ta burtali, tafiyar makonni, suna ratsa dazuzzukan tsando suna kamuwa da sammore suna ramewa, ko a kai su tashar jirgi a loda. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda wannan ciniki ya dogara ga masu gida da dillalai da amana, domin dabbar da ta iso Kudu ba ta jure dogon jira. Da tirela ta karɓi aikin, sai tafiyar makonni ta koma ta kwana biyu ko uku, kasuwar shanun Mubi, wadda mutanen yankin ke kira tike, ta bunƙasa ta zama matattarar dabbobin Kamaru da Cadi. Amma gaggawar nan da Cohen ya gani a Sabo ba ta gushe ba, wurin zama kawai ta canza: ta tashi daga kan makiyayi ta koma kan direba.

Duk da haka, direban shekarun 1970 yana da ƙofar fita, kuma wannan ne ya sa tambayarmu ba ta dami mutanen lokacin ba. Naira tana da daraja, kamfanonin sayar da motoci suna bayarwa a biya da kaɗan-kaɗan, kuma ba baƙon abu ba ne maigida ya ce wa direbansa mai amana in ya biya kuɗin mota ta zama tasa. Mutum zai yi karen mota yana saurayi, ya yi tuƙi shekara goma sha biyar ko ashirin, ya mallaki mota, ya ɗora yaronsa a kai, shi kuma ya koma benci a bakin tasha yana karɓar lissafi, ya je Makka ya dawo Alhaji. Wanda bai kai ga haka ba yana iya zama ɗan kamasho, ko ya sami kujera a ƙungiyar direbobi ta ƙasa da aka kafa a 1978. Wato ɗan alaro yana da hanyar zama madugu kafin wuyansa ya karye. Ba kowa ya samu ba, amma kowa ya ga wanda ya samu.

Yadda ƙofar ta rufe

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira. Kuɗin da a 1985 ya fi dalar Amurka daraja, zuwa 1993 sai an ba da kusan naira 22 a farashin gwamnati kafin a sami dala guda, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Masana'antun harhaɗa motoci suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar babbar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici, balle direba. Aka koma sayen kwancen Turai, DAF da MAN da Iveco waɗanda suka gama aikinsu a can, suka zo nan suka fara sabuwar rayuwa a hannun bakanike. Daga baya motocin Sin suka shigo. Ko waɗannan ɗin ma kuɗinsu ya wuce abin da albashin direba da ɗan abin da yake tsinta a hanya za su tara a tsawon rayuwa. Kujerun ƙungiya kuwa ƙididdigaggu ne, kuma siyasa ta shige su.

Sakamakon haka shi ne direba ya daina sauka. Abin mamaki, ita kanta motar ta taimaka masa ya zauna. Tirelar zamani sitiyarinta da yatsa ake juya shi, birkinta na iska ne, kujerarta tana da laushi. Aikin da a 1955 yake buƙatar ƙato, yau dattijo mai shekara sittin da ɗoriya yana iya yin sa ba tare da ya yi haki ba. To amma sauƙin da aka yi wa damtse, ido aka ɗora wa. Motar da ke ɗauke da tan talatin tana gudu a kan kwalta ba ta tsayawa inda aka taka birki, sai ta ƙara gaba da nisa. Abin da ke tsakanin rai da mutuwa shi ne direba ya hango da wuri, ƙafarsa kuma ta amsa nan take.

A dubi tafiyar da kanta. An gama lodi a tike da yamma, shanu a tsaye a cunkushe, ƙahoninsu a ɗaure, yaran shanu a zaune a kan katako bisa kawunansu. Mota ta fita ta Mararraba, ta bi Hong da Gombi da Song da Girei, ta haye Binuwai a Jimeta. Daga nan mai zuwa Gabas ya bi Mayo Belwa da Zing da Jalingo da Wukari, ya nufi Makurɗi ko Katsina-Ala, har Inugu da Anaca ko Fatakwal. Mai zuwa Ikko yana da tafiyar da ta haura kilomita 1,400 a gabansa. Buhun masara yana iya kwana uku a gefen hanya bai ce komai ba, amma sa in ya faɗi a cikin mota 'yan'uwansa tattake shi za su yi, kuma kowace sa'a ta zafin rana rama ce da asara ga mai dukiya. Don haka dare ne lokacin tafiya, tsayawa kuma sai ta zama dole. Ga shingaye ba iyaka, kowanne da mai miƙo hannu, lokacin da aka ɓata a wurinsu kuma daga barcin direba ake cire shi.

Dare kuwa shi ne abokin gabar tsohon ido. Tun daga wajen shekara arba'in da 'yan kai idon mutum yake fara kasa karanta abin da ke kusa. Wannan tabarau na maganinsa. Wanda ya fi haɗari shi ne abin da ke zuwa a hankali: ido ya rage karɓar haske, fitilar motar da ke tahowa ta dalle shi ya daɗe bai dawo daidai ba, yana ta fara rufe shi kamar hazo. Akwai kuma hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, mutum yana ganin gabansa tar amma bai ga mai babur da ya ɓullo ta gefensa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ce kan gaba wajen jawo haka, hawan jinin ido na biye, kuma shiyyar Arewa maso Gabas ce ta fi kowace yawa, da kashi 6.1. Ba a kan direbobi aka yi binciken ba, amma daga cikin waɗannan jama'a ake ɗibar direbobin Mubi. Kafin mutum ya kai ga makanta kuwa akwai shekaru na rabin gani, waɗanda a cikinsu yake iya ci gaba da tuƙi ba wanda ya sani sai karen motarsa. Bayan ido ga hawan jini da ciwon suga da zama wuri ɗaya ke haifarwa, ga ciwon baya, ga basir, ga fitsarin da ke matsa wa dattijo. Goro da shayi da kofi su ne makaman gargajiya na yaƙi da barci. Ƙwayoyi irin su taramol sun shigo daga baya, suna ba da aron ƙarfi su karɓa da riba.

Kada a ɗauka ina cewa tsohon direba ya fi yaro haɗari. Sau da yawa akasin haka ne. Duk wanda ya saba bin motocin haya ya san yadda hankalin fasinja ke kwanciya in ya leƙa ya ga furfura a bayan sitiyari. Tsoho ba ya tsere da kowa, ya san kwanar da ke cin mutane, yana jin ciwon inji da kunne tun kafin ya tsaya, ya kuma san cewa sannu ba ta hana zuwa. Haɗarin yaro daga ganganci yake, na tsoho daga gazawar jiki. Bambancin shi ne, ganganci yana jin faɗa, yana ido kuwa ba ta ji. Gwaninta tana rufe raunin jiki shekaru da dama, har ran da raunin ya fi ƙarfinta, kuma wannan rana ba ɗaya ba ce ga kowa. Wani yana da shekara 70 idonsa garau, wani tun yana 52 ya kamata a karɓe makullin.

Wannan ne ya sa ƙasashen da suka daɗe da tunani a kan al'amarin ba su yanke shekara ba, sai suka tsananta awo. A Ingila direban babbar mota yana zuwa gaban likita in ya kai shekara 45, sa'an nan duk bayan shekara biyar, daga 65 kuma kowace shekara. A Amurka babu iyakar shekaru, amma takardar likita ba ta wuce wata 24, kuma ba a yarda ya yi tuƙin da ya wuce sa'a 11 ba sai ya huta sa'a 10. A Tarayyar Turai sa'a tara ce a yini, da hutun minti 45 bayan kowace sa'a huɗu da rabi, akwai kuma na'ura a cikin motar mai rubuta komai. Su ma ba tausayi kaɗai ya sa suke riƙe da tsofaffinsu ba, matasansu ne ba sa son aikin. A watan Satumba na 2021 gidajen mai da dama a Ingila sun ƙafe saboda ƙarancin direbobin tanka. Mu a nan matasa suna nan birjik suna jiran kujera. Abin da ya hana tsoho tashi shi ne bai ga inda zai zauna ba.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A ƙa'ida ana duba ido kafin a ba da lasin, lasin kuma na shekara uku ne ko biyar. Amma ko da awon ya tafi yadda aka tsara, yana amsa rabin tambaya ne kawai. Jami'in da ya ce wa mai 'ya'ya goma idonsa bai ci jarrabawa ba, bai gaya masa abin da za a ɗora a murhu gobe ba, don haka direba zai yi duk dabarar da ya iya don kada a auna shi. Dokar fansho ta 2004 da ta 2014 ma'aikatan ofis da na kamfanoni suka fi amfana da su. Sai a watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar hannu, wanda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa da kansa. Tunani ne mai kyau, sai dai ya iso wa mutanen da suka fara karen mota a zamanin jihar Gongola a makare.

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kame Mubi, jama'a suka watse, waɗansu zuwa Yola, waɗansu ta kan duwatsu zuwa Kamaru. Cikin Nuwamba aka ƙwato garin, amma an riga an karya gadoji a hanyar Michika da Madagali, tsohuwar turbar Borno da Barth ya biyo ta zama abin tsoro. Wanda ya yi shekara talatin yana tara abin da zai sauka a kai, gida ko shago ko 'yan shanu, ya wayi gari ba shi da komai, ya koma neman motar da zai ja yana da jikoki. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara taƙaita lodi. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, dillalan shanu da na kayan abinci suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, nan da nan nama da tumatir suka yi tsada a Ikko. A makon nan ƙasa ta tuna da wanda ke ciyar da ita, amma maganar da aka yi ta diyya ce da tsaro da harajin hanya, ba a ji wanda ya ta da zancen shekarun mutanen da ke bayan sitiyari ba.

Abin da ya rage wa direban da ba shi da mota tasa shi ne sauka mataki-mataki, kuma sana'ar ta tsara wa kanta wannan tsani ba tare da wata hukuma ba. Da farko zai bar lodin shanu ya koma na hatsi, wanda ke yarda a kwana a hanya. Sa'an nan ya bar wa yaronsa tuƙin dare, shi ya karɓa da asuba, a shinge kuma shi ne mai magana. In Kudu ta yi masa nisa sai ya tsaya a Yola da Gombe. Daga nan ya koma kanta, yana bin kasuwannin mako na Maiha da Uba da Hong, ya kwana a gidansa. Daga kanta sai tifa, yana ɗebo yashi daga kogin Yadzaram zuwa inda ake gini a cikin gari, tafiyar da ba ta kai ya sa babbar giya ba. A kowane mataki kuɗin shiga yana raguwa, iyali kuwa ba su ragu ba. Matakin ƙarshe yana bakin tasha, inda ake ba shi littafin rasit ya riƙa rubuta lambar motocin da suka yi lodi, ko a ba shi tocila da sanda ya yi gadin waɗanda suka kwana.